Oga Uche, Me Ka Ɓoye Mini a Bayan Labule?

Zuwa ga maigidana Oga Uche, mai gyaran firij da esi, wanda ya zauna a unguwar Lamisula, Maiduguri, shekarun baya.

Bayan gaisuwa irin wadda yaro yake yi wa wanda ya riƙe shi, tare da tambayar lafiyarka da ta Madam da yara da jikoki, ina fatan wannan saƙo ya same ka a zaune, don abin da ke cikinsa ba na ji a tsaye ba ne. Ni ne Bukar. Har yau mutanen garin nan ba su san sunan mahaifina ba, Bukar Uche suke kirana, ga shi furfura ta fara cin gemuna.

Na kira wayarka har na gaji, ka ƙi ɗauka. Shi ya sa na fito da maganar fili. 'Yarka Ngozi tana ganin shafina, a nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa, ita za ta karanta maka. Su kuwa sauran masu karantawa ka bar ni da su. Duk wanda ya shigo ya taɓa ƙabilarka ko addininka, toshe shi zan yi nan take. Ni na ci abincin gidanka, ni kaɗai nake da ikon yi maka faɗa.

Na faɗi jarrabawa, Oga. Jarrabawar gwajin hannu ta masu gyaran kayan sanyi, wadda ba a tambayarka turanci, firij kawai za a ajiye maka a ce gyara muna kallo. Ita na faɗi. Asibitin da nake kula wa da firij ɗin allurar rigakafi a Konduga sun ce daga yanzu ba mai taɓa musu kaya sai mai shaidar wannan jarrabawa. Wannan aikin shi ne yake riƙe da shagon da ka bar mini, shi ne yake ciyar da gidana, don gyaran unguwa ka san yadda yake, yau akwai gobe babu. Sun ga idona, sun ce in sake gwadawa sau ɗaya. Asabar mai zuwa zan koma. In na sake faɗuwa, wani za su ba.

Ka san dalilin faɗuwata tun kafin in faɗa maka. Amma zan faɗa, ka ji da kunnenka.

Ina ɗan saurayi mahaifiyata ta kamo hannuna ta kawo ni shagonka, bayan rasuwar babanmu. 'Yan uwa suka yi ta surutu, wai ta rasa inda za ta kai ɗanta sai wurin baƙo. Ta ce baƙon da zai koya masa sana'a ya fi ɗan gari mai ba shi kwabo. Ka dube ni sama da ƙasa, ka miƙo mini tsintsiya.

Ba zan yi maka ƙarya don ina fushi ba. Ka koya mini aiki. Kai ka nuna mini yadda ake neman yoyon gas da ruwan sabulu, yadda ake kasa kunne a ji kukan kwamfiresa a san ko mai tashi ce ko ta mutu, yadda ake walda a bututun jan ƙarfe ba tare da an ƙona shi ba. In na yi walda mai ƙulli-ƙulli sai ka buge mini ƙeya ka ce, "Hannu ba ya ƙarya, Bukar." Ranar Juma'a kai kake duba agogo ka kore ni masallaci. Madam kuwa ba ta taɓa zuba mini naman da ban san inda aka yanka shi ba. Duk wannan ina sane, kuma shi ne yake ƙara mini ciwo.

Abu ɗaya ka hana ni gani. Akwai labulen buhu a ƙuryar shago. Duk firij ɗin da aka gama wa walda, saura a ɗura masa gas, sai mu kama mu tura shi bayan labulen nan. Daga nan sai aike ya tashi. Je ka sayo ruwan leda. Je ka duba ko Madam ta sauke tukunya. Wata rana har Old Maiduguri ka tura ni da tsakar rana a ƙafa, wai in karɓo sifana wurin wani mutum, na je mutumin ya ce shi bai san zancen ba. Kafin in dawo firij yana aiki. Sai ka kama hannuna ka ɗora a jikin bututu, ka ce, "Ka ji sanyi? Wannan sai ranar yaye."

Ban yi musu ba, don haka al'adar sana'a take. Maigida yakan riƙe abu ɗaya a hannunsa sai ranar da zai yaye yaronsa, ranar da zai tara 'yan sana'a, ya ba shi kayan aiki, ya sa masa albarka, ya ce je ka ci da hannunka. Na sa rai da wannan rana kamar yadda mai azumi yake sa rai da kiran magariba.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Wata safiya na zo na tarar da shago a rufe, makulli yana wurin Baba Kyari mai walda da ke jikin shagonmu. Kun tafi gida Kudu kai da iyalinka. Wallahi ban taɓa jin haushin wannan tafiya ba, ko sau ɗaya. 'Ya'ya gare ka, kuma mu da muka zauna ba jarumta ce ta zaunar da mu ba, ba mu da wurin zuwa ne. Na buɗe shago, na share, na zauna ina jiran kira.

Ka kira kuwa. Duk Sallah kana kira, duk Kirsimeti ina kira. Kuma duk sanda na ɗauko maganar gas, amsa ɗaya ce: "Wannan ba a waya ake faɗa ba, bari in zo." Gari ya lafa, mutane suka dawo, 'yan uwanka masu shaguna a kasuwa da yawa suka dawo suka buɗe. Kai kana nan zuwa. Na yi aure kana nan zuwa. Na haifi 'ya'ya uku, na binne mahaifiyata, kana nan zuwa.

To aiki ba ya jiran mai zuwa. Dole na ɗura gas da kaina. Abin da na dogara da shi kawai ƙarar da nakan jiyo in na dawo aike da wuri na tsaya a bakin ƙofa: wani ɗan huci, shiru, sannan dogon huci. Sai na kwaikwaya. In hura gas kaɗan ya fita ta ɗaya bakin bututun, in toshe, in ɗura sauran ina taɓa bututu har in ji sanyi. Firij ya yi sanyi kuwa. Mai kaya ya tafi yana godiya. Bayan wata biyar ko shida wasu su dawo, kwamfiresa ta ƙone. In ce wuta ce. A garin nan kuwa wa zai yi maka musu in ka ce laifin wuta ne?

A raina na san da saura. Kullum ina ganin kaina rabin mai gyara, mai jiran rabin da ke hannunka. Na ga samari suna yawo da wani ɗan inji mai zuƙe iska daga cikin bututu, na ce ƙyale-ƙyalen 'yan kamfani ne, ai Oga Uche bai taɓa mallakar irinsa ba, kuma sunansa ya kai har Konduga. Na ɗauka abin da kake yi a bayan labule ya fi ƙarfin injin nan. Ban tambayi kowa ba. Yaron wani ba ya zuwa wurin wani maigida ya ce koya mini, zubar da mutuncin wanda ya riƙe shi ne. Mutuncinka nake karewa, Oga. Kai!

Da maganar jarrabawa ta zo, aka ce akwai darasi na 'yan kwanaki kafin gwaji, amma wanda ya daɗe a sana'a yana iya wucewa kai tsaye. Na wuce kai tsaye. Ni Bukar Uche in zauna a benci ɗaya da yaran da aka haifa ina riƙe da filaya? Har na yi murna a ɓoye. Na ce tunda maigidana bai zo ya yaye ni ba, bari takardar hukuma ta yaye ni.

Babban ɗaki ne, tebura a jere, kowane da firij ɗin da aka lalata da gangan. Mai duba mu wata injiniya ce, Malama Yagana, yarinya ce a kaina, ƙanwata ta uku ma ta girme ta. Tana riƙe da biro tana zagayawa. Kafin na kusa da ni ya gama kwance sukurori na gano inda yake yoyo. Na yi walda sumul, irin wadda in ka gani ba za ka buge mini ƙeya ba. Ta tsaya ta duba, ta gyaɗa kai. Na ji kaina ya ƙara girma.

Injin zuƙe iskar nan yana ajiye a gefen tebur. Na ture shi da gwiwar hannu don ya tare mini wuri, na jawo tukunyar gas.

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Baba, iskar da ke ciki fa?" Na ce zan hure ta da gas. Ta ce in ajiye. A gaban kowa ta yi bayani, cikin ladabi, cewa bututun da aka buɗe iska da danshi sun riga sun shiga, kuma huci ba ya fitar da su. Danshin nan shi yake daskarewa ya toshe siririn bututu, shi yake ɓata man kwamfiresa yana cin ta a hankali har ta ƙone. Ta ce a firij ɗin allura, wannan kuskuren yana nufin allurar da za a yi wa jarirai ta lalace ba wanda ya sani. Akwai mutum huɗu a wurin da suke ce mini Oga a kasuwa, duk suka sunkuyar da kai, wai don kada in ji kunya. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ta tambaye ni wa ya koya mini aiki. Na faɗi sunanka. Karo na farko ke nan a rayuwata da na faɗe shi ƙasa-ƙasa.

A keke ina komawa gida ba jarrabawar nake tunani ba, Ya Falmata nake tunani, bazawarar nan mai sayar da ƙanƙara da zoɓo a Old Maiduguri. Firizarta ta mutu a hannuna har sau uku, na ƙarshe ana tsakiyar azumi, lokacin da kowa yake neman ƙanƙara kamar zinariya. Na rantse mata wuta ce. Ta yarda, ta sayar da firizar a matsayin gwangwan, yanzu ƙosai take toyawa a bakin titi. Duk sanda na wuce sai ta gaishe ni da Barbarci, wushe Bukar, ta ƙara mini gyara. Ka gaya mini da wane ido zan kalle ta yanzu.

A ranar na fara kiranka. Ka ɗauka sau ɗaya, na ce maka na faɗi a wurin ɗura gas, ka ce ba ka ji sosai, layi ba kyau. Tun daga nan layi bai sake kyau ba.

Sai na tafi wurin Baba Kyari. Ya tsufa, walda ta cinye masa ido, yana wuni a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Na zauna na zazzage masa komai. Na ce Oga Uche ya tafi da sirrin sana'a ya bar ni da ɓawo. Tsohon nan ya yi dariya har da tari. Ya ce kwanon da ya raba shagonsa da namu yana da huda, daidai bayan labule, shekara da shekaru yana ganinka. Ya ce, "Bukar, ba komai a bayan labulen nan. Abin da kake yi, shi yake yi."

Ashe huci ne. Ɗan huci, shiru, dogon huci. Ashe na kwaikwaye ka daidai, ban bar komai ba.

Baba Kyari ya ce wata rana ya tambaye ka me ya sa kake korar yaro. Ka sa shi ya yi maka alkawarin rufe baki, sannan ka gaya masa kai ma ba a yaye ka ba. Gudu ka yi daga wurin naka maigidan a can garinku saboda duka, ka hau mota zuwa Arewa da abin da ka tsinta, sauran ka cika da kintace. Kana tsoron in na tsaya ina kallo zan yi tambayar da ba ka da amsarta. Baba Kyari ya ce ya riƙe alkawarin nan har ya gaji, yanzu kuwa ƙafarsa ɗaya tana kabari, ba zai tafi da shi ba.

Da na koma baya sai komai ya fito fili. Ashe a lokacinka ma suna dawowa. Ina tuna wani Alhaji mai sayar da kifi da ya dawo da firiza a kan kura yana kumfar baki, ka dafa kafaɗarsa ka ce, "Alhaji, wuta ce." Har ƙaryar ma gadonta na yi ban sani ba.

Haba Oga. Haba! Rashin sani ba laifi ba ne, kowa da inda saninsa ya tsaya. Da ka zaunar da ni ka ce Bukar, nan ilimina ya ƙare, je ka nemi sauran, wallahi da ban raina ka ba, da na je na nemo na kawo mana mu biyu. Amma ka gwammace in yi ta ganin kaina a matsayin wanda bai isa ba. Ka gwammace in taka rana zuwa Old Maiduguri neman sifanar da babu ita, don kada yaro ya ga gazawar maigida. Ka bar ni na girma, na tsufa, ina gadin sirrin da ba shi, ina hana kaina tambaya don kada a ce Oga Uche bai koyar da kyau ba. Kai kunya kake gudu, to ga ta nan, ni na sha ta a madadinka, a gaban yara.

Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, kiran Sallah. Kana da nisa, ba wanda zai ga fuskarka. Kalma uku ce a waya: ban sani ba. Shekara fiye da goma ka kasa furta ta.

Na koma darasin da na raina. Na zauna a benci da yaran, har wani ya matsa mini wuri yana cewa Baba zauna nan. Malama Yagana ta haɗa injin, ta nuna mana yadda allurar geji, wato agogon awon iska, take sauka, yadda ake kashe injin a jira a ga ko za ta tsaya ko za ta hau, yadda ake ɗora tukunyar gas a sikeli a ɗura daidai abin da aka rubuta a bayan firij, ba taɓa bututu da hannu ba. Bayan azahar muka fara, kafin la'asar na iya. Abin da na jira rabin rayuwata ke nan. Da na fita alwala na daɗe a bakin famfo, ina wanke fuskar da ba ta buƙatar wanki.

Na ari inji, kullum ina gwadawa a shago. Hannuna yana so ya koma tsohuwar hanya, sai na tsawata masa. Ban sani ba ko zan ci ranar Asabar. Tsoro nake ji, ban ɓoye maka ba. Idona ba kamar da ba ne, ƙananan lambobin geji sai na matso sosai. In na faɗi, aikin Konduga ya tafi, shagon kuma ban ga abin da zai riƙe shi ba.

Na yi kwana da kwanaki ina tsara zagin da zan rubuta maka. Wasu na rubuta, wasu na goge saboda Ngozi ce mai karantawa. Amma akwai abin da Baba Kyari ya faɗa da ya tsaya mini a wuya: wai lokacin da ka gudu daga maigidanka ba ka kai shekarun da na zo wurinka da su ba. Na yi ta ƙoƙarin in ƙi ganin yaron nan, shi kaɗai a bayan motar kaya, zai je garin da bai san yarensu ba. Na kasa. Ni aƙalla na samu wanda ya ba ni tsintsiya da abinci, kai ko wannan ba ka samu ba. Ban yafe ba tukuna, kada ka yi saurin murna. Amma na gane ba a ba da abin da ba a da shi.

Saboda haka ga abin da na yanke. Na daina jiran ka yaye ni, ba ka da abin yaye ni da shi. In Allah ya sa na ci ranar Asabar, kai za ka zo. Hanya ta yi kyau, ɗakin baƙi yana nan, matata ta iya miyar da kake so. Ka zo shagonka, ka zauna a benci, in haɗa inji in nuna maka yadda allura take sauka, tun daga farko har ƙarshe, ba inda zan aike ka. Sannan in kira Baba Kyari da 'yan sana'a su taru, in miƙa maka geji da hannuna, in sa maka albarka. Shekara hamsin kana aiki ba wanda ya ce maka je ka ci da hannunka. Ni zan faɗa maka.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kare ka da iyalinka, ya yafe mana firij ɗin bayin Allah da muka kashe ni da kai. Allah ya ja kwananka har ka tako garin nan, don ban gama da kai ba. Ranar Asabar da safe ka yi mini addu'a irin taku, ni ma zan yi irin tamu, kuma in waya ta yi ƙara da yamma, ka ɗauka.

Naka, cikin fushi da girmamawa,
Bukar, mai gyaran firij, Lamisula.